Jan Fenti a Tafkin Kaka Kolo

Guri, bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga taubashina Modu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka isa lafiya, kuma motar Umara ba ta ƙarasa maka ƙugun nan da tsufa ya fara ci ba. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. Uwa tana gaishe ka. Ƙafar ce dai har yanzu, amma tana cin tuwonta. Ƙanena Hamman ma yana gaisuwa.

Na san za ka ce me ya kawo takarda ga waya. Kai ka ce in kun shiga teku sai ku yi makonni babu sabis. Ni kuma wayar gidan nan a aljihun Hamman take kwana, duk saƙon da ka turo sai masunta sun gama saurare a bakin ruwa kafin ya iso kunnena. Tunda Umara yana kai banda garinku, gara ya riƙa ɗaukar mana takarda, shi dai ba ya karatun boko.

Sai maganar tsarabarka. Mutane suna dawowa daga kudu da atamfa da manja, kai kuwa ɗan gwaggona ka turo ƙeya da bokitin jan fenti biyu da jarkar tina, wai ruwan da ake sirka shi. Ban raina ba. Hamman ya shafe bayan jirgin Baba da shi, ya yi ja wur, har daga ƙetare ake zuwa kallo. Sai dai ko rabin bokiti ɗaya bai ci ba. Sauran yana nan a ɗakin ajiya, jikin ɗakin Uwa.

Ka san unguwarmu, tsaraba in ta shigo sai kowa ya ɗanɗana. Saudatu maƙwabciyarmu ta zo da gwangwanin madara tana so ta shafe ƙofarta da murfin randarta. Wata kuma ba fentin take so ba, bokitin ta kama tun yanzu, wai in ya ƙare za ta riƙa jiƙa gero a ciki. Na ce su dakata in tambayi mai kaya. To na tambaya, Alhajin teku, a raba?

Ina fata bandar da na ɗaura maka ta isa ba ta dagargaje ba. Ko ka manta, mutumin birni, wannan rabonka ne na tafkin Kaka Kolo da ke bayan gidanmu. Ruwa ya cika shi da damina, ya janye ya bar mana kifi, ba wanda ya taɓa har Bulama ya sa ranar su, unguwa ta shiga da koma, aka fitar wa gidanmu kasonsa. Da shi nake banda ina kai wa Haɗeja, da shi muke ci har wata daminar. Kai kana can kana shaƙar gishiri, amma ko shekara ɗaya ban taɓa cinye maka naka ba. Ka rubuta wannan a goshinka.

Taubashiyarka,
Zainaba

*

Fatakwal

Zuwa ga Zainaba mai baki.

Wa alaikumus salam. Na isa lafiya, ƙuguna kuma garau yake, ki ji da naki. Ki gaishe mini da Uwa da kyau, Allah ya ba ta sauƙin ƙafa. Bandarki ta iso. Ƙaya ta fi tsoka yawa, amma na daure na cinye don kada ki ji kunya.

A tsaye nake rubutun nan, Umara ya tayar da mota, mu ma yau za mu shiga ruwa. Maganar fenti: kada ki ba kowa. Guba ne. Ko bokitin kada ki bayar. Ki rufe shi da kyau ki ajiye mini har in zo, zan yi miki bayani.

Saudatu kuwa ki ce mata ƙofarta ta fi kyau a yadda take. In aka shafa mata ja, duk mai wucewa zai tsaya ya duba, kuma ita za a gani a zaune a ciki.

Naki,
Modu

*

Guri, farkon damina

Zuwa ga Modu marowaci.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki. Mu nan an yi ruwan shuka, Hamman yana gonar shinkafa tun safe. Ni lafiyata ƙalau. Uwa ce ba ta jin daɗi, zan zo kan maganar.

Takardarka ta iso, na karanta wa Uwa, muka yi dariya har ta riƙe ciki. Guba! Wato ka tashi tun daga Fatakwal, ka ɗauko guba a ka, ka kawo wa gidan kawunka tsarabar Salla. Modu, tun muna yara haka kake. Ranar da Gwaggo ta ba ka alewa ka ce mini akwai barkono a ciki don kada in roƙa. Yanzu gemu ya yi furfura, dabarar ba ta sake ba. In rowa za ka yi, ka yi ta a fili, mun saba.

Duk da haka ban ba kowa ba, tunda ka ce kayanka ne. Amma ka sani ni ce nake shan kunyar. Saudatu ta daina aiko mana da miya. A wurin suna aka ce wai Zainaba ta samu fentin Turawa ta ɗora masa katifa tana kwana a kai. Kai ka yi kyauta a gaban jama'a aka yi maka godiya, ni aka bari da baƙin jini. Wannan ya yi mini ciwo, kuma ba da wasa na faɗa ba.

Ga abin da ya fi damuna. Murfin bokitin da Hamman ya buɗe da wuƙa ya lanƙwashe, ba ya zama daidai. Jarkar ma tana tsatsafo ta wuya. Da zafin nan da rufin kwano, warin ya cika ɗakin ajiya ya ratsa ɗakin Uwa. Kullum da ciwon kai take tashi, ga tari, idonta yana ruwa. Na fitar da su tsakar gida, awaki suka dame su, ga kuma murhun banda kullum da wuta. Na mayar da su ciki. Gidan nan ba shago ba ne, ɗakuna nawa gare mu?

Ka faɗa mini yadda zan yi da dukiyar nan taka. Ko ka yarda a raba a huta, ko ka turo a ɗauka. In na ji shiru, zan yi abin da ya sawwaƙa, don ba zan zuba ido tsohuwa tana shaƙewa saboda bokitinka ba.

Zainaba

*

Guri, tsakiyar damina

Modu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Umara ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ya ce ɗakinka a kulle yake, ya tura takardar ta ƙarƙashin ƙofa. Allah ya sa teku ce ta riƙe ka, ba fushi ba. Mu nan lafiya. Uwa ta samu sauƙi sosai, ga dalili.

Na raba ta da kayanka. Ban zubar ba, ban bayar ba, kada ka tayar da jijiyar wuya. Binnewa na yi, yadda muke yi wa duk abin da ba a so yara ko dabba su taɓa. Ni da Hamman muka haƙa rami a gindin gorubar nan ta bakin tafki, kan tudu, muka naɗe bokitan da jarkar a buhu, muka saka, muka mayar da ƙasa, muka ɗora dutse. Ka san wurin, nan Kaka Kolo yake shimfiɗa tabarma yana gyaran koma. Uwa ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ruwa bai taɓa taka gindin gorubar ba. In ka zo sai ka tone abinka, yana nan kamar a banki.

Tun daga ranar tarin Uwa ya lafa, tana barci har da minshari. Ni ma na huta da masu gwangwani, duk wadda ta zo sai in ce ya tafi.

Ruwa kam bana ba sauƙi. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya rasa inda zai bi sai gonaki. An ce ta wajen Kaugama hanya ta yanke, Umara yana tunanin wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe sai ruwa ya ja. Shinkafar Hamman ta ƙasa ta nutse. Abin da ke sanyaya mana rai shi ne tafki, ya cika har ya haɗe da kogi, kifi yana ta shigowa. In Allah ya kai mu rani, bana sai ka nemi mai taya ka cin ƙaya.

Ka yi magana mana, ko zagi ne.

Zainaba

*

Fatakwal

Zainaba,

Wa alaikumus salam. Jiya muka fito daga ruwa, aikin ya ja fiye da yadda aka ce. Na buɗe ƙofa na tarar da takardunki biyu a ƙasa. Lafiyata lau. Na yi murna Uwa ta samu sauƙi, amma tun da na karanta ta biyun abinci ya ƙi shiga.

Babu wasa a takardar nan ko kalma ɗaya. Ki karanta ta a matsayin ta ɗan'uwanki, ki ajiye taubasantaka a gefe.

Ku je ku tone shi yau. In ruwa ya fara hawa tudun, ku shiga a haka ku tone. Fentin nan ba irin na bango ba ne. Na gindin manyan jiragen teku ne, kuma an haɗa shi ne musamman don ya kashe duk abin da ya manne wa jirgi, ciyawa ce ko ƙwaro ko dodon koɗi. Aikinsa ke nan, kisa a cikin ruwa. Jirgin Baba ma ki ce wa Hamman ya bar shi a kogi inda ruwa ke gudu, kada ya shigar da shi tafki. Da na kawo shi ban san ƙarfinsa ya kai haka ba. Ragowar aiki ce za a kwashe, na ga asara, na ce jirgin kawuna ya fi cancanta. Bayan na dawo daga Guri ne wani abokin aikinmu ya kwanta da ciwon ƙirji, aka tara mu aka yi mana bayani dalla-dalla. Shi ya sa na rubuto miki waccan takarda a gurguje.

In kun tone, ga yadda za ku yi. Ba a zuba shi a ƙasa, ba a binne shi, ba a ƙona shi, don hayaƙin ya fi warin illa, tina kuma kama wuta take kamar fetur. Ki shimfiɗa leda a bakin bokitin, ki ɗora murfin, a daddoka gefensa da katako har ya zauna. A sa su duka cikin babbar robar da ke da murfi, a zuba yashi kewaye don ya tsotse abin da ya tsatso. A ɗora a kan wani abu mai tsayi, a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da murhu da ɗakin kwana. Ku ɗaure hanci da ƙyalle, ku sa leda a hannu. Bokitin ko an wanke shi da sabulun duniya ba ya zama na abinci. A nan wurin aikinmu akwai masu karɓar irin wannan shara, can ne kawai ya dace ya koma, kuma ni zan mayar da shi.

Saudatu in ƙofa take son gyarawa, akwai fentin ruwa a kasuwar Haɗeja, wanda ake sirkawa da ruwa, ba ya hawa kai. Ta sayi daidai buƙata, in ya ragu ta zuba masa yashi ya bushe. Murfin randa kuwa kada ta shafa masa komai. Bango ma me ya fi farar ƙasa da ɗan ƙaro? Da makuba Kaka Kolo yake shafe katangarsa, ruwa bai taɓa cin ta ba, kuma ba wanda ya yi tari.

Umara ya ce zai zagaya ta inda hanya ta yarda. Na roƙe shi ya kawo miki hannu da hannu. Na kira wayar Hamman har na gaji, ba ta shiga. Don Allah, Zainaba, yau.

Ɗan'uwanki,
Modu

*

Guri, bayan janyewar ruwa

Modu,

Wa alaikumus salam. Muna raye. Uwa lafiya, Hamman lafiya, katangar gabas ta faɗi amma ba ta danne kowa ba. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Takardarka mai "yau, yau" ta iso a jirgin wani mai kai gishiri, bayan ta yi kwanaki a Haɗeja tana jiran hanya. Ranar da na karanta ta, gorubar tana tsaye a ruwa har ƙirjin mutum. Wutar lantarki babu, sabis babu, muna kwana a makarantar firamare da awakinmu. Hamman ya yi nutso ya laluba, bai samu ko dutsen ba, ruwa ya zaizaye tudun. Na tsaya a bakin ruwa da takardarka a hannu, mai kyau, mai tsari, har da yadda za a daddoka murfi da katako.

Da ruwa ya janye, tafki ya rabu da kogi, sai abin ya fito. Da fari wani maiƙo ne a saman ruwa, mai launi-launi. Sai karfasa ta fara tasowa ciki sama. Bayanta kurungu. Tarwaɗa da ake cewa ba ta mutuwa da sauƙi, ita ma ta bi. Modu, kifin da ban taɓa ganin yawansa a tafkin nan ba, na gan shi bana, a kwance a gefe yana ruɓewa. Ko shamuwa ba ta sauka ba. Yara suka fara tsinta za su kai gida, ni na bi su da sanda ina kuka ina ƙwacewa.

Bulama ya tara dattawa a ƙofar gidanmu. Ka san abin da aka fara cewa? Wai mun zuba maganin kashe kifi ne don mu kwashe kafin ranar su, mu hana unguwa rabonta. Gidan Kolo, da aka ba riƙon tafki saboda amana! Hamman ya rantse, ni na fito da lulluɓi na faɗi gaskiya, na ce fenti ne na binne. Sai Saudatu ta ce daga bayan mata, "Ashe gara ki ba kifi da ki ba mu." Aka yi dariya. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba.

Labari ya riga ni zuwa Haɗeja. Na sayi kifin kogi mai kyau na yi banda na kai, dillalin da ya shekara da shekaru yana karɓar kayana ya ɗaga ɗaya ya shinshina a gaban mutane, ya ajiye. Haka na dawo da kwalayena.

Yanzu ka ce ba wasa kake ba. To a ina zan gane? Ka fara da ƙayar bandata, ka ƙare da tsokanar Saudatu, ka cusa guba a tsakiya kamar ƙuli a cikin kwaɗo. Layi biyu ka ba abin da zai kashe tafkin kakanmu. Kai da ka san abin, ka tafi teku ka bar ni da shi a jikin ɗakin tsohuwa. Ina jin haushinka, Modu, haushin da ban san inda zan ajiye shi ba.

Zainaba

*

Fatakwal

Zainaba,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri. Ki yi wa Uwa da Hamman jaje. Ni lafiya, in ban da ƙirji da ke ɗan damuna, wanda ba sabon abu ba ne a aikinmu.

Na karanta takardarki sau da yawa. Tafkin nan a cikinsa na koyi iyo, kada ki rubuto mini kamar wani baƙo ne ya wuce ya jefa dutse. Ni na kawo fentin, wannan ba na musu. Amma tunda kin faɗi naki, bari in faɗi nawa. Na rubuta miki guba ne. Ban ce yana da wari ba, ban ce yana da tsada ba, guba na ce. Kika karanta wa Uwa kuka yi dariya, kika tuno mini alewa. Duk duniya ba wanda zan rubuta wa wannan kalma ya mayar da ita rowa sai ke. Da Hamman na rubuta wa, da ya ji tsoro. Kuma a duk faɗin Guri ba ki ga inda za ki haƙa rami ba sai bakin ruwa?

Shekara nawa ina nan ina shaƙar abin nan don a ce ɗan Gwaggo yana aiki a kudu. In na zo gida hannu rabbana, a ce na yi rowa. In na zo da abin da hannuna ya kai, ga yadda ta ƙare. Kin ce an yi miki dariya a ƙofar gida. Ni kuma Umara ya gaya mini yanzu a tasha Modu mai guba ake kirana, ni da ko ranar ba na nan.

Zan rubuta wa Bulama in ce kayana ne, ni na kawo, a cire sunanki. Hutu ba za su ba ni ba sai bayan azumi. Kafin nan, in ruwan ya ƙara ja, a nemo bokitan a fitar, a kwashe laka mai ja da ke kewaye da su, kada a bar ta a ciki. Kada kowa ya shayar da dabba a nan, kada a yi wanki.

Ban iya rufe takarda babu tsokana ba, amma yau na rasa wadda zan yi.

Modu

*

Guri, rani

Zuwa ga Malam Modu.

Assalamu alaikum. Ina fata ƙirjin ya yi sauƙi. Ka je asibiti, kada ka tsaya shan lemun tsami. Uwa tana gaishe ka, ta ce a gaya maka ita ba ta riƙe kowa ba. Ita ke nan. Hamman ya tafi su wajen Birniwa da jirgin wani, a matsayin ɗan haya.

Ka tambaya ko ban ga wani wuri ba sai bakin ruwa. A Guri ina ne ba bakin ruwa ba? Na zaɓi tudun da ya fi kowanne tsayi a gidanmu. Ba zan ƙara cewa komai a kai ba, kai ma kada ka ƙara.

Takardarka ta isa wurin Bulama, an karanta a gaban dattawa. Sun ce sun ji, Allah ya kiyaye gaba. Amma hukuncin bai sake ba. An rufe tafki sai damina biyu sun wanke shi, sannan a duba. Riƙonsa kuma ya bar gidan Kolo, ya koma hannun Bulama. Ba su yi faɗa ba, cikin ladabi suka karɓe, har da addu'a. Da sun zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Makon jiya ne ya kamata a yi su. Unguwa ta tafi tafkin ƙetare, muna jin kiɗansu daga tsakar gida. Mu kuwa, kafin Hamman ya tafi, mun yi namu sun mu biyu. Muka ɗaure hanci, muka sa leda a hannu, muka shiga da komar Kaka Kolo. Bokiti ɗaya yana nan kusa da gindin goruba a kife, babu murfi. Ɗayan da jarkar sai can tsakiya koma ta kamo su. Mun kwashe jar lakar iya ƙarfinmu. Ko ɗan tsako ɗaya na kifi bai taɓa ƙafata ba.

Katangar da ta faɗi mun tayar, na shafe ta da makuba. Ɗakin Uwa na yi masa farar ƙasa da ƙaro, ya yi haske, ba wari. Saudatu ta leƙo ta gani, ta aiko a ba ta ragowar, na ba ta. Wannan dai ana iya rabawa. Banda na daina, ba mai saye. Ina soya ƙosai a bakin makaranta.

Ba sai ka jira bayan azumi ba. Umara zai sauke maka wata shuɗiyar roba mai murfi, na ɗaure ta da igiya, na gaya masa abin da ke ciki, ya ce zai sa ta can baya nesa da kwalayen mutane. Na bi takardarka layi-layi: leda a baki, murfi a daddoke, yashi kewaye. Lakar ma tana ciki.

Tun rasuwar Kaka Kolo ba a taɓa yin rani ban aiko maka da rabonka na tafki ba, bana ma ba zan fasa ba. Abin da koma ta fitar ke nan, kuma duka na ba ka, ban cire kason gida ba.

Kada ka buɗe a ɗaki. Kada ka ba kowa. Guba ne.

Zainaba, 'yar kawunka